Beyar Paddington, Akun Magana Jari Ce, da Hirar Gidan Sarautar Ingila

Maman Haidar:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri, yau zan ɗan kauce daga littafin da muke karantawa a wannan wata. Jiya Asabar na kai Haidar tashar jirgin ƙasa ta Paddington a nan Landan, don ya daɗe yana matsa mini sai ya ga mutum-mutumin tagullar nan na beyar da ke zaune a kan akwatinsa. Muka je, ya shafa hular, aka yi hoto. Muna cikin jirgi za mu koma sai na ce masa ai ni tun ina aji huɗu na firamare a Kaduna na karanta littafin, wata gwaggonmu ce ta kawo mana shi tsaraba. Yaron nan ya ɗago kai ya ce, "Mama, dama littafi ne?"

Wallahi maganar ta tsaya mini a rai. Shekararsa takwas. Fim ɗin 2014 da na 2017 ya kalle su ba adadi, na uku da ya fito a 2024 ni da kaina na kai shi sinima, amma bai san akwai wani mutum mai suna Michael Bond da ya zauna ya rubuta labarin aka buga a 1958 ba. Shi ne nake tambaya: fim ɗin nan jan yara yake yi zuwa ga littafi, ko kuwa binne littafin yake yi? Sannan wane littafi ne har yau in kun tuna shi sai ku ji ƙamshin takardarsa a hanci?

Baban Ikram:
Wa alaikumus salam Maman Haidar. Magana Jari Ce, ba sai na yi tunani ba. Namu na gida ba shi da bango, shafin farko ma ya yage, an ɗinke gindinsa da zaren lilo. Bayan sallar isha'i Yayanmu yake karanta mana a zaure, da fitilar ƙwai a gefensa, mu shida a kan tabarma ɗaya. Mutumin nan ya iya ja mana rai. Daidai inda aku zai gama labari gari ya waye, Musa ya rasa damar fita ya bi Mahmudu wurin yaƙi, nan zai rufe littafin ya ce sai gobe. Mu yi ta roƙo, ko gezau.

Da NTA Kaduna ta mai da shi wasan talabijin a shekarun 1980 mun yi murna, gidan maƙwabta muke zuwa kallo, kuma Allah ya jiƙan Kasimu Yero da sauran waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, sun yi aiki. Amma fadar Sarki Abdurrahman da na gina a kaina ta fi wadda na gani a akwati girma nesa ba kusa ba. Tun daga ranar kuma ban ƙara iya dawo da tawa ba. Abin da fim yake ƙwacewa ke nan.

Anti Bilki:
Ni kam Enid Blyton ce ta raine ni a makarantar kwana. Famous Five, yara huɗu da karensu Timmy. Littafi ɗaya sai ya zaga ɗaki guda, kowa da darenta, wadda ta riƙe shi ya kwana biyu a hannunta sai an yi mata taron dangi. Ba mu san rabin abincin da suke ci a ciki ba, amma yunwa yake sa mu. Sai da na girma na koma kan littattafanta na Noddy don 'ya'yana, na ga yadda ta mai da baƙaƙen 'yan tsanan nan su ne miyagu, jikina ya yi sanyi. Ina son matar nan har gobe, amma wannan ban ba yarana shi ba.

'Yar Maraɗi:
Mu a Nijar da Mamadou et Bineta iyayenmu suka koyi karatu, mu kuma muka taras da Babar, giwar nan da aka naɗa sarki bayan ta je birni ta sa kwat. Magana Jari Ce kawuna ne ya sayo mana daga Katsina. Shi ne littafi na farko da na karanta na ji mutanen ciki suna magana irin ta gidanmu.

Malam Ɗanladi:
Baban Ikram, ina tare da kai a kan fadar da ka rasa, amma bari in yi wa masu sauya labari adalci, don shekara 20 na yi ina koyar da littafin nan a sakandare. Shi kansa Magana Jari Ce ai sauyi ne. Abubakar Imam ya zauna a Zariya tare da Rupert East, aka tara masa littattafan Larabawa da na Indiya da na Turawa, ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Jamusawa na 'yan'uwan Grimm, aka buga littafi uku tsakanin 1937 da 1939. Tsarin aku mai ba da labari dare bayan dare don ya hana wani fita, daga tsohon adabin Indiya da Farisa ya taso.

Ku ɗauki Kalala da Kalalatu. A wurin Jamusawa wata kuku ce mai suna Gretel ta cinye kaji biyu da maigidanta ya sa ta gasa wa baƙo, ta ce wa baƙon kunnuwansa za a yanke, ta ce wa maigida baƙo ya gudu da kaji. Imam ya mai da su mata da miji, ya sa musu suna, ya sa Kalala ya bi baƙo da wuƙa a hannu yana roƙon ko ɗaya a bar masa, baƙo kuwa ya dafe kunne yana ƙara mai. Wa ya taɓa karanta wannan ya ji warin Jamus? Ba sauyin ne matsala ba, gwanintar mai sauyin ce abin dubawa.

Abba Injiniya:
Malam, da girmanka, amma Imam don yara su iya karatu ya yi. Waɗannan kamfanonin kuɗi suke nema. Dubi abin da aka yi wa Peter Rabbit. Beatrix Potter ta fara shi ne a wasiƙar da ta rubuta wa wani yaro marar lafiya a 1893, aka buga a 1902. Ɗan zomo ne da uwarsa ta gargaɗe shi kada ya shiga lambun wani tsoho, don a can aka kama ubansa matar mai lambun ta yi girki da shi. Ya ƙi ji, ya sha da ƙyar, ya dawo gida ba riga ba takalmi, aka ba shi shayi ya kwanta. Shi ke nan, labari mai natsuwa. A fim ɗin 2018 sai ga shi ya zama ɗan tasha mai surutu, har da wurin da zomaye suka jefi mutum da 'ya'yan itacen da suka san jikinsa ba ya karɓa, sai da kamfanin Sony ya fito ya ba iyaye haƙuri.

Na Winnie-the-Pooh ya fi muni. Haƙƙin mallakar littafin 1926 ya ƙare a Amurka ranar 1 ga Janairun 2022, a 2023 sai ga fim ɗin tsoro an mai da shi mai kisan mutane. Abin da yara suke runguma su yi barci!

Maman Haidar:
Na yarda da kai a kan waɗannan biyun, Abba. Amma na Paddington ban ga laifinsu ba, musamman na biyun. Sun riƙe zuciyar labarin: baƙo ne da ya taso daga Peru a ɓoye cikin jirgin ruwa, ya sauka a tasha da 'yar takarda rataye a wuya ana roƙon wani ya kula da shi. Bond ya ce yaran da aka riƙa kwashewa daga Landan lokacin yaƙin duniya na biyu, kowa da takardar suna a wuya da ɗan akwati, su ne ya tuna. Mu da muke zaune a ƙasar mutane wannan wurin yana taɓa mu.

Ummu Sultan:
Tunda an ambaci Paddington, wa ya tuna bidiyonsa da Sarauniya Elizabeth ta Ingila? Yuni 2022, bikin cikarta shekara 70 a kan gado. Ya kafa baki a butar shayi ya shanye, ya ciro burodinsa mai jam ɗin lemo daga cikin hula, ita kuma ta buɗe jakar hannunta ta ciro nata ta ce nan take ajiyewa. Tsohuwa mai shekara 96! Daga nan suka riƙa kaɗa cokali a jikin kofi. Na kalla ya fi sau goma. Wata uku bayan haka ta rasu.

Maman Haidar:
Ranar 8 ga Satumba. Na je Green Park a satin, inda aka ware don ajiye furanni. Ummu Sultan, ƙamshin fure tun daga bakin titi, mutane cunkus amma ba ka jin hayaniya. A gindin kowace bishiya 'yan tsanan Paddington ne jere, wasu da jar hula da shuɗiyar riga, wasu an ɗaura musu wasiƙa da rubutun yara. Na ga burodi a cikin leda an rubuta a jiki wai ta ajiye don anjima. Har sai da hukumar lambunan ta roƙi mutane su daina kawo burodin saboda dabbobin wurin. Daga baya aka wanke 'yan tsanan, sama da 1,000, Camilla matar Sarki Charles ta miƙa su ga ƙungiyar kula da yara ta Barnardo's.

Abba Injiniya:
Yaya, kada ki ji haushina, amma ni abin bai burge ni ba. Fada ta san abin da take yi. A 2012 da James Bond suka haɗa ta a bikin buɗe gasar Olamfik, a 2022 da beyar ɗin yara. Gyaran suna ne. Kuma ki duba: a watan Afrilun 2022 ɗin gwamnatin Birtaniya ta ƙulla yarjejeniyar kwashe masu neman mafaka zuwa Ruwanda. Baƙon da ya shigo a ɓoye cikin jirgin ruwa, in na littafi ne yana shan shayi a Buckingham, in na gaske ne a lokacin ana nema masa jirgin Kigali. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Ummu Sultan:
Ai ba Sarauniya ke yin doka ba, Abba. Gwamnati daban, fada daban.

Anti Bilki:
To amma yadda suka yi da baƙuwar da ta shigo musu gida fa? Ni Meghan matar Yarima Harry nake nufi. Ta faɗa wa Oprah, mai shirin hira a talabijin na Amurka, a Maris 2021 cewa akwai wanda ya nuna damuwa a kan yadda launin fatar ɗanta zai kasance tun yana ciki. Duk macen da ta yi aure a babban gida ta san wannan zaman. A yi miki murmushi a tsakar gida, a auna ki a ɗaka.

Hajiya Babba:
Bilki 'yata, ki bar ni in sa baki. Mahaifina yana cikin mahayan da suka je hawan daba a Kaduna a 1956 da Sarauniya ta zo, zamanin Sardauna, har ya rasu yana ba da labarin dawakin ranar. Don haka mun daɗe muna jin labarin gidan nan. Ban ce ba a cuci yarinyar ba, ruwa ba ya tsami banza. Amma abin da mijinta ya yi a littafinsa na 2023 bai yi mini ba. Faɗanka da yayanka a kicin, wai ya ci kwalarka ya tura ka ka faɗi a kan kwanon kare, shi ne za ka rubuta duniya ta karanta? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, ba a kiran kasuwa ta zo kallo.

Kuma gidan nan ba sa yafe irin wannan. Akwai wata Marion Crawford da ta raini Elizabeth da ƙanwarta Margaret fiye da shekara 15. A 1950 ta fitar da littafi a kan yarintarsu, ba zagi a ciki, yabo ne da ƙauna. Suka yanke ta ɗungurungum. Har ta mutu a 1988 ba su sake waiwayarta ba.

Anti Bilki:
Hajiya, wannan ai hujjata ce kika kawo. Matar da ta yi musu reno ba su tausaya mata ba, ina ga suruka?

Abba Injiniya:
Ni abin da ya tsaya mini a littafin Harry ba kwanon kare ba ne. Cewa da ya yi ya kashe mutum 25 a Afganistan, ya kwatanta su da 'ya'yan dara da ake cirewa daga allo. Amma da suka zo Najeriya a Mayun 2024, ya je Kaduna, aka sa masa babbar riga da hula, kowa sai maganar kashi 43 cikin ɗari na jinin Najeriya da matarsa ta ce tana da shi. Ba wanda ya tuna da wancan.

Ummu Sultan:
Ya dai je asibitin soja ya duba waɗanda suka ji rauni, a ba shi wannan. Ni Kate matar Yarima William ce ma nake son a yi maganarta. Kun tuna watannin da ta ɓace?

Malam Ɗanladi:
Dakata Ummu Sultan. A nan ne zan ja hankalinmu, ni ma ban cire kaina ba. Matar nan an yi mata aiki a ciki a Janairun 2024, ta yi shiru. Ba irin abin da ba a faɗa ba. Wasu suka ce aure ne ya mutu, wasu suka ce ba ita ce a hoto ba, balle da kamfanonin labarai suka janye hoton nan nata da yara saboda an taɓa shi da kwamfuta. A wayoyinmu ma an yi ta turawa. Ranar 22 ga Maris ta zauna a kan benci ita kaɗai ta ce cutar daji aka gano, kuma shirun da ta yi don ta samu lokacin yi wa 'ya'yanta uku bayani ne. Ranar na ji kunya. Ayar Suratul Hujurati da ta kwatanta giba da cin naman ɗan'uwa matacce duk mun san ta. Abin da shugaba ya yi da dukiyar jama'a ko rayukansu, kamar wanda Abba ya kawo, a tattauna shi. Ciwon mutum da sirrin aurensa kuwa ba namu ba ne, ko da kambi a kansa.

Ummu Sultan:
Gaskiya ne Malam. Ni ma na tura a lokacin, Allah ya yafe mana. Dama abin da zan ce shi ne ta taɓa karanta wa yara labarin barci a tashar yara ta BBC a 2022, na ɗan mujiya mai tsoron duhu, kuma ta iya karatu.

Baban Ikram:
Maganar Malam ta tuna mini wani abu da zai mai da mu kan littafi. Yaron da ke cikin Winnie-the-Pooh, Christopher Robin, ba ƙirƙira ba ne. Ɗan marubucin ne A. A. Milne, da sunansa na gaskiya, da 'yan tsanansa na gaskiya, waɗanda yanzu suke ajiye a babban ɗakin karatu na birnin New York. Yana ɗan shekara shida littafin ya fito. Duniya ta so shi, amma a makarantar kwana abokai suka mai da shi abin tsokana shekara da shekaru. Da ya girma ya rubuta cewa akwai lokacin da ya ji kamar mahaifinsa ya taka kafaɗunsa na yarinta ne ya hau inda ya hau, ya bar shi da suna marar amfani. Ya koma wani gari can bakin teku, Dartmouth, ya buɗe shagon sayar da littattafai, ya yi nesa da iyayensa.

Hajiya, shi ya sa nake ɗan sassauta wa Harry duk da na yarda da ke. A Satumbar 1997 yana ɗan shekara 12 aka sa shi ya bi akwatin gawar mahaifiyarsa a ƙasa, a tsakiyar Landan, duniya tana kallo. Ikram shekararta 12 yanzu. Na dube ta jiya tana wanke kwanuka tana waƙa, na kasa kwatanta ta a wannan tafiyar. Mu da muka tashi da labarin Musa ɗan Sarki da Waziri mai makirci, mun saba jin daɗin rikicin fada. Sai dai Musa ba ya jin zafi in an rufe littafi.

Hajiya Babba:
Allah ya raya Ikram. Wannan na ji shi, ɗana. Amma shi ma uban, Sarki Charles, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ga ciwo yana fama da shi tun 2024. Su shirya tun ana ganin juna.

Anti Bilki:
Ku kun san shi Charles ɗin ma ya rubuta littafin yara? The Old Man of Lochnagar, 1980. Labarin wani tsoho mai zama a kogo kusa da gidansu na Balmoral a Scotland, wanda ya riƙa ba ƙannensa Andrew da Edward suna yara. Meghan ma ta fitar da nata a 2021.

Abba Injiniya:
Kuma Camilla ta sa baki a rikicin Roald Dahl, marubucin littattafan yara. A Fabrairun 2023 aka gano kamfanin Puffin ya sauya ɗaruruwan wurare a littattafansa, har kalmar "mai ƙiba" an cire daga jikin yaron nan mai haɗama na kamfanin cakulan. Ta tara marubuta a Clarence House ta ce kada su bari kowa ya tauye musu 'yancin faɗar abin da ke ransu. Washegari kamfanin ya ce zai ci gaba da buga na asalin ma. A wannan kam ina bayanta.

Anti Bilki:
Ni ban gama yarda ba, ƙanena. A bugun farko na 1964 ma'aikatan kamfanin cakulan ɗin nan gajerun baƙaƙen mutane ne da mai kamfani ya kwaso daga dajin Afirka a cikin akwatuna, yana biyansu da ƙwayar koko. Dahl da hannunsa ya sauya su a 1973 bayan an yi masa ca. Da ba a yi magana ba, da wannan 'ya'yanmu za su karanta.

Malam Ɗanladi:
Marubuci ya gyara nasa yana raye daban, a gyara masa bayan ya mutu a bar sunansa a bango daban. Da wani zai taɓa Hausar Imam a Ruwan Bagaja don wai Malam Zurƙe ya cika rashin kunya, da ni ne farkon mai kai ƙara. A bar littafi yadda yake, uwa ta zauna kusa ta yi bayani.

Maman Haidar:
Ina ta karantawa ban sa baki ba, don na je na gwada abu. Bayan magariba na kashe talabijin na zaunar da Haidar, na ba shi labarin Kalala da Kalalatu da ka, yadda Malam ya tuna mana, rabi Hausa rabi Turanci don Hausarsa ba ta nuna ba. Da na zo wurin da Kalala ke gudu da wuƙa yana cewa ko ɗaya a ba shi, yaron nan ya dafe kunnuwansa biyu ya faɗi a kan kujera yana dariya har da tari. Da ya natsa ya ce wace irin hula Kalala yake sawa. Na ce ban sani ba, kai wace iri ka gani? Ya ce ja, doguwa, ta faɗi a hanya lokacin da yake gudu. Yanzu haka ya ce sai an ƙara wani, ni kuwa uku kacal na iya tunawa. Don Allah akwai mai zuwa Landan kwanan nan?

Baban Ikram:
Ƙanin matata zai koma karatu Leeds ƙarshen wata, ta Landan zai sauka. Gobe in sha Allahu zan shiga Sabon Gari in nemo duka ukun bugun kamfanin ɗab'i na NNPC, in haɗa da Ruwan Bagaja da Iliya Ɗan Maiƙarfi. Ki turo mini adireshi ta gefe.

'Yar Maraɗi:
Baban Ikram, in ka samu ka saya biyu-biyu, zan aiko direban Katsina ya karɓa mini. Namu na uku tun ina 'yar sakandare wata ta ara, ba ta dawo da shi ba.